Wace Turba Ce Ta Dace Da Yara A Inda Kurmi Ya Haɗu Da Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana za mu kai yaranmu hutun mako guda wani yanki da ke gaɓar teku, wanda kuma yake da kurmi da turbobin tattaki da dama. Yaran uku ne: babbar shekararta 9, ƙaninta 5, sai auta ɗan wata 14 da ke goye. Ba mu taɓa irin wannan yawon ba. A taswirar wurin an rubuta wa wasu turbobin "mai sauƙi", wasu "matsakaiciya". Shin in dogara da wannan rubutun? Me kuma ya kamata in fi kiyayewa? Ni dai macizai nake tsoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya raya miki su, ya kai ku lafiya. Na ji daɗi da kika faɗi shekarun yaran, domin amsar tana wajen ɗan shekara biyar ɗin nan. Babbar za ta iya tafiyar da za ta ba ki mamaki, auta kuwa bayanki ko na mahaifinsa ne abin hawansa. Na tsakiyar shi ne ya yi nauyin goyo, bai kuma kai ƙarfin doguwar tafiya ba. Da ƙafarsa za ki auna kowace turba.

Rubutun "mai sauƙi" babban mutum ne ya yi shi, da ƙafar babba ya auna, kuma babu wani ma'auni guda da duk gandayen daji suka yarda da shi. Ki bar kalmar, ki nemi lambobi biyu a taswirar: tsawon turbar, da yawan mitocin hawa da ke cikinta. Ki kuma tabbatar ko tsawon da aka rubuta na zuwa ne kawai ko na zuwa da dawowa, don nan mutane da yawa ke faɗawa. Akwai wani tsohon lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau ana aiki da shi: lafiyayyen mutum yana cin kilomita 5 a awa guda, sannan a ƙara masa awa guda a kan kowace mita 600 ta hawa. Turba mai kilomita 3 da hawan mita 150 ke nan za ta ci wa babba kimanin minti 50. Da yara irin naki ni ninkawa nake yi, in ƙara rabin awa ta tsayawa kallon ƙaguwa da cire tsakuwa daga takalmi. Ki ware mata awa biyu da 'yan mintoci. A ranar farko kada ku wuce kilomita 2 zuwa 3 gaba ɗaya. In kowa ya dawo yana dariya, gobe a ƙara.

Sau da yawa turbar yara da ta ƙwararru daga ƙofa ɗaya suke tashi. A Tsitsikamma da ke Afirka ta Kudu, inda kogin Storms ke shiga teku, akwai 'yar turba da aka shimfiɗa wa katako a cikin kurmi, tana kaiwa ga wata gadar lilo mai tsawon mita 77, iyalai na bin ta su dawo a safiya guda. A wannan wurin dai ne ake kama turbar Otter, wadda ake kwana biyar ana tafiya ana ƙetare bakin koguna. A gandun Olympic na jihar Washington a Amurka ma haka ne: turbar Hall of Mosses kilomita 1.3 ce kacal a ƙarƙashin itatuwan da gansakuka ya lulluɓe, amma gaɓar tekun gandun tana da wuraren da sai da lissafin cikar teku da janyewarsa ake wucewa. Don haka sunan gandu ba ya gaya miki komai sai kin san wace turba ce a cikinsa.

In kin sami zaɓi, ki ɗauki wadda ke zagayowa ta dawo inda ta fara, ko wadda ke da wani abu a ƙarshenta da za a yi wa yaro alkawarinsa: gada, magangarar ruwa, ƙatuwar bishiya. Yaro ba ya tafiya don motsa jiki, yana tafiya ne don ya ga abin da aka ce yana gaba. Keken jarirai kuwa ki bar shi a masauki, sai in an faɗa ƙarara cewa turbar shimfiɗaɗɗiya ce babu matakala. Saiwoyi da rairayi ba sa shiri da ƙafar keke.

Yanzu ga abin da nake so ki fi ba hankalinki, ya kuma fi maciji haɗari nesa ba kusa ba: cikar teku da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin kimanin awa 24 da minti 50. Daga ƙarshen janyewa zuwa ƙarshen cika awa shida ne da 'yan mintoci. Minti hamsin ɗin nan na kai shi ne tarkon: kullum lokacin yana jinkirtawa da kusan haka, saboda wata ne ke jan ruwan, shi kuma kullum yana makara wajen fitowa. Bakin dutsen da kuka zagaya a busasshen rairayi ranar Litinin da ƙarfe tara na safe, ranar Juma'a a daidai wannan lokacin yana iya kasancewa a ƙarƙashin ruwa. Sannan a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, rana da wata kan haɗa ƙarfi, sai cikar ta fi tsawo, janyewar ta fi nisa. Bambancin ya danganta da wuri. A tekun Bahar Rum bai taka kara ya karya ba, amma a mashigin Fundy na Kanada ruwa kan tashi kusan mita 16 tsakanin janyewa da cika.

Ruwan kuma ba da gudu ɗaya yake dawowa ba, wannan ne ke yaudarar baƙo. Ki raba duk ruwan da zai dawo kashi 12. A awa ta farko kashi 1 ne ke shigowa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Rabin ruwan ke nan yana zuwa a awa biyu na tsakiya. Mutum zai zauna awa guda yana kallo, ya ga kamar tekun bai motsa ba, ya saki jiki, sai ya ɗaga kai ya tarar hanyar da ya biyo ta rufe, bayansa dutse ne a tsaye. A rairayi mai shimfiɗa ma ruwan ba lallai ta gaba zai zo ba, yakan bi kwari ya zagayo ta baya ya mayar da inda kuke tsibiri.

Maganin wannan ba wuya gare shi ba. Akwai jadawalin cika da janyewar teku na kowane wuri, ana liƙa shi a ofishin gandu da tashar jiragen ruwa, ana kuma samunsa a intanet. Ki duba na wurin da za ku, na ranar da za ku, ba na wani gari can ba. Ku sauka rairayi awa ɗaya ko biyu kafin ƙarshen janyewa, ku kama hanyar fita da zarar ruwa ya juyo. In turba ta kawo ku inda dutse ya kutsa cikin teku, aka ce ana iya zagaya shi ta ƙasa ko a haura ta bisa, ku haura ko ku koma. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kafin ku shiga kowane lungun rairayi, ki tambayi kanki ta ina za ku fita in ruwa ya rufe inda kuka shigo. In babu amsa, ba wurin yara ba ne.

Ki koya wa manyan biyu kada su juya wa teku baya. Igiyar ruwa ba tsawonta ɗaya ba, a wasu gaɓoɓin bayan dogon natsuwa guda ɗaya kan zo ta zarce sauran da mitoci masu yawa. Mita ɗaya ta ruwa tsawo da faɗi da zurfi nauyinta tan guda ne, ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya kayar da ɗan shekara biyar. Gungumen itatuwan da teku ke jibgewa a rairayi, waɗanda suka yi yawa inda kurmi ke kusa, yara na son hawansu, amma ruwa kaɗan ya isa ya ɗaga gungume ya mirgina shi. Su yi wasa a kan waɗanda ke can busasshen tudu kawai. Duwatsun da suka yi kore ko baƙi-baƙi santsi gare su kamar sabulu. Ranar tattaki kuma ba ranar iyo ba ce: wanka sai a inda aka keɓe, mai masu ceto. A turbar da ke bin saman gaɓa mai tsawo, hannun ƙaramin a hannun babba, yaron ta ɓangaren tudu, babban ta ɓangaren teku, domin ruwa kan ci gaɓa ta ƙasa ya bar samanta kamar lafiyayya.

Macizan da kike tsoro, yawancinsu suna jin girgizar takunku su kauce tun ba ku gan su ba. Takalmi rufaffe, dogon wando, a tsaya kan turba, kada a sa hannu a rami ko ƙarƙashin gungume. In tsautsayi ya faɗa, a kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin hannu, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau.

Abin da na fi jin tsoro a kurmi shi ne ɓatan yaro. Yana faruwa ne a daidai inda turba ta rabu biyu: yaro ya ruga gaba, ya bi hagu, iyaye suka bi dama. Ku kafa doka tun a bakin mota cewa babba ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya, kuma duk inda hanya ta rabu ana tsayawa a jira kowa. Ki rataya wa kowanne daga manyan biyu usur a wuya, busa uku a jere alamar neman taimako ce da masu ceto suka sani, kuma ƙarar usur tana zuwa nesa bayan murya ta dushe. A 1981, bayan wani yaro ɗan shekara tara ya ɓata ya rasu a dutsen Palomar na Kaliforniya, masu aikin nema suka fito da wani darasi na yara wanda ya bazu ƙasashe: in ka ɓata, ka rungumi bishiya ka zauna nan. Yaron da ya tsaya wuri ɗaya an fi saurin gano shi. Ki ƙara gaya musu abu biyu, cewa ba za a yi musu faɗa ba in sun ɓata, kuma in sun ji baƙuwar murya na kiran sunansu su amsa. Yara kan ɓuya wa masu nemansu don tsoron duka ko don an hana su kula baƙo. Ki sa musu riguna masu launi mai ɗaukar ido, ja ko ruwan lemo, ki ɗauki hotonsu da waya kafin ku shiga.

Duhu yana riga shiga kurmi kafin fili, don haka ku fita da safe, ku sa lokacin juyawa, in ya cika ku juya ko ba ku kai ba. Kada ki dogara da sabis ɗin waya a ƙarƙashin itatuwa ko a gindin gaɓa. Ki sauke taswirar a waya tun a masauki, ki karɓi ta takarda, ki gaya wa wani turbar da za ku bi da lokacin da ya kamata ya ji ku.

Game da auta: ku da ke tafiya kuna jin zafi, shi da ke goye ba ya motsi, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin zubar da ɗumi. Iskar teku a kan jiƙaƙƙen kaya tana sanyaya yaro ko a ranar da ba a kira ta mai sanyi ba. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa da ƙafafunsa, ki sauke shi duk bayan awa guda ya miƙe. A jaka a sami busassun kaya na canji ga kowane yaro a cikin leda, rigar ruwa, hula, ruwan sha fiye da yadda kike zato, ɗan abin taɓawa, tocila, filasta da bandeji. Ruwan rafi, komai kyansa a ido, ba a sha sai an tafasa ko an tace. Sabon takalmi kuma a fara sa shi a gida mako guda kafin tafiya.

Kowace yamma idan kun dawo, kafin barci, ki duba jikin yaran saboda kaska: bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. A wasu yankunan Turai da Arewacin Amurka kaska na ɗauke da cutar Lyme, kuma galibi sai ta daɗe a maƙale, fiye da yini guda, kafin ta sa wa mutum, shi ya sa dubawar kullum ke da amfani. In kin gan ta, ki kama ta da hantsaki dab da fata, ki ja a miƙe a hankali, ki wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai. Ki rubuta ranar, in zazzaɓi ko wani jan zobe mai faɗaɗa ya bayyana a wurin cikin makonnin da suka biyo, ki kai yaron ga likita ki gaya masa an yi cizon kaska.

Da kun isa, kafin ku taka kowace turba, ku tsaya ofishin ma'aikatan gandun. Ki faɗa musu shekarun yaran kamar yadda kika faɗa mini, ki tambaye su wace turba ce a buɗe a makon nan, ina bishiya ta faɗi ko gada ta karye, da ƙarfe nawa teku zai gama janyewa gobe.