Kafin ka kwance kan inji, auna matsi ka saurari iska

Auwalu, ka ce Camry ɗin nan mai inji 2.4 tana rawa idan tana tsaye. Kun sauya fulogi, kun musanya kwayil, kun duba nozul, amma silinda ta uku har yanzu ba ta aiki daidai. Kana tambaya ko lokaci ya yi da za a sauke kan inji, kuma me ya sa nake sa ku gwaji biyu alhali geji ɗaya ma yana nuna lamba.

Kada ka taɓa noti ko ɗaya na kan injin nan tukuna. Silinda tana buƙatar wuta da mai da matsi. Kun tabbatar da biyun farko, saura na ukun, kuma ana auna shi inji yana rufe. Gejin matsi zai gaya maka wace silinda ce ba ta da lafiya. Gwajin yoyon iska shi zai nuna maka ta ina take zubarwa. Wanda ya buɗe inji bai yi su ba, sai ya sa mai mota sayen ringi, wato zoben da ke jikin fistin, alhali bawul ne ya ƙone.

Fara da awon matsi. Ka tayar da injin ya yi ɗumi kamar yadda yake a hanya, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, ringi kuma ya fi kama bangon silinda. Ka kashe, ka cire fiyus ɗin famfon mai ko ka zare wayoyin nozul, ka cire kwayil duka huɗu. Idan ka bar fetur yana feshi, zai wanke baƙin man da ke bangon silinda, lambar ta sauka, ka ɗora wa ringi laifin da ba nasa ba. Kafin ka kwance fulogi ka hura iska cikin ramukansu, musamman da hunturu, kada ƙura da yashi su faɗa ciki. Kan injin nan alminiyam ne, don haka ka kwance a hankali kada ka cinye zaren ramin. Fulogi duka za ka cire, ba na silindar da kake zargi kaɗai ba, don injin ya juya sakayau.

Ɗaura gejin a rami na farko da hannu kawai. Wani ya taka totur har ƙasa ya riƙe, ya murza makulli, allura ta yi tsalle sau biyar ko shida har ta daina hawa. Rubuta lambar, saki iskar, ka wuce ta gaba. Batir ya zama cike. Idan ya fara gajiya a silinda ta uku, lambobin ƙarshe za su yi maka ƙarya. Littafin injin 2AZ-FE, wato injin Camry ɗin nan, ya ba da kimanin 198 psi (ma'aunin matsi) a lafiyayyen inji, mafi ƙaranci 142, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 14. Ni bambancin na fi dubawa. Geji yana tsufa, wuri ma yana da tasiri: motar da aka auna a Jos, saboda tsayin ƙasar, za ta nuna ƙasa da abin da za ta nuna a Legas da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma lafiyarta ƙalau.

Idonka ya tsaya kan allurar tun daga bugun farko. A lafiyayyar silinda, bugun farko yana kai ta wajen rabin hanya ko fiye, sai ta ƙarasa da sauri. Idan ta fara ƙasa tana hawa kaɗan-kaɗan kamar mai hawan tudu da kaya, ringi ake zargi. Idan ta ɗan motsa ta tsaya cak a ƙasa, ko an ci gaba da murzawa, bawul ne ko rami babba.

A ce ka samu 185, 180, 110, 182. Sai ka zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya cikin silinda ta uku, ka juya injin sau biyu ya bazu, ka sake aunawa. Man yana toshe tazarar da ke tsakanin ringi da bango na ɗan lokaci. Idan lambar ta tashi zuwa 150 ko sama, matsalar tana ƙasa, ringi ne ko bangon silinda. Idan ta tsaya a 110 ko 115, matsalar tana sama, bawul ko gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Kada ka cika man, yawansa yana rage sararin cikin silinda, lambar ta hau ko da ringi ba shi da laifi. Kuma wannan dabara ta injin fetur ce kaɗai. A injin dizal matsi ne ke kunna wuta, man da ka zuba zai iya kamawa ya fasa maka geji.

Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, kamar ta biyu da ta uku, yawanci gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Idan duka huɗun sun sauka daidai wa daida, duba taimin, wato lokacin buɗewa da rufewar bawul, wataƙila sarƙarsa ta tsallake haƙori. Lambar da ta zarce ta littafi kuwa dattin gawayi ne ya taru a kan fistin.

To, yanzu gwajin yoyon iska, inda yara suka fi yin kuskure. A nan injin ba ya juyawa. Kai ne za ka tura iskar kwamfuresa cikin silinda ka ga nawa take riƙewa. Dole fistin ya kasance a ƙololuwar sama, a zagayen matsi, lokacin da bawul na shiga da na fita duk suke rufe. Ka tuna fistin yana zuwa sama sau biyu, ɗaya kuma bawul suna ɗan buɗe. Sa tiyon na'urar gwajin a ramin fulogi, ka toshe bakinsa da yatsa, wani ya juya fuli da sifana ta inda injin yake juyawa. Idan ka ji iska tana tura yatsanka, zagayen matsi ne. Cire tiyon, ka saka doguwar sanda mai santsi a ramin, a ci gaba da juyawa a hankali har sandar ta daina hawa. Idan silinda ta ɗaya ta samu, sauran ka bi jerin wuta, 1-3-4-2, kowace rabin zagaye na fuli.

Cire sifanan daga kan fuli kafin ka buɗe iska. Wannan ba wasa ba ne. Iskar 100 psi a kan fistin da ya ɗan kauce daga tsakiya za ta tura shi ƙasa da ƙarfi, sifana ta wulwulo ta karya hannu ko ta fasa lagireto.

Na'urar tana da geji biyu: na farko iskar da ke shiga, na biyu abin da silinda ta riƙe. Ka daidaita na farko a 100, lissafi ya zo da sauƙi. Idan na biyu ya nuna 92, yoyo kashi 8 ke nan. Ƙasa da kashi 10 inji ne mai kyau. Har zuwa 20 ya yi aiki amma zai ci gaba da tafiya. Ya haura 30, akwai gyara. Babu injin da ke riƙe iska duka, domin ringi yana da 'yar tsaga a bakinsa, don haka ɗan huci a murfin baƙin mai kada ya tayar maka da hankali.

Sai ka sa a kashe rediyo da janareta, ka yi aiki da kunne. Je bayan mota ka kara kunne a bakin salansa: idan kana jin huci kamar tayar da ƙusa ta huda, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Cire tiyon da ke kai wa totur iska, ba na kwamfuresa ba, ka buɗe totur ka saurara: huci a nan bawul ɗin shiga ne. Buɗe murfin baƙin mai ko ka zare sandar awon mai: iska mai ƙarfi a nan ringi ne, ko fistin ya tsage. Buɗe murfin lagireto, bayan ya huce, ka leƙa: ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ko ruwan yana hawa wuya, gaskit ne ko kan inji ya tsage. Idan kuma iskar tana fitowa ta ramin fulogin maƙwabciya, gaskit ya yanke a tsakani.

Ko salansa ta yi huci a silinda ta uku, kada ka yi gaggawa. Wani lokaci ɗan gawayi ne ya faɗo lokacin da kuka kwance fulogi ya maƙale a mazaunin bawul. Mayar da fulogi, tayar da injin minti biyu, ka sake gwadawa. Idan bai canza ba, buɗe murfin sama ka auna tazarar bawul da siririn ma'auni, inji yana sanyi. Injin nan ba ya daidaita tazarar da kansa. Idan ta matse, bawul ba zai zauna ba, kuma gyaran wannan ba ya buƙatar sauke kan inji. Sai tazarar ta fito daidai kuma hucin yana nan, sannan za mu kira mai motar mu gaya masa kuɗin gaskit da bawul.

Je ka auna duka huɗun, kafin zuba baƙin mai da bayan an zuba, ka rubuta a takarda ka kawo min kafin la'asar.