Tambayoyin Masu Karatu: Ƙaramar Sifika Marar Waya Don Cikin Ɗaki

Assalamu alaikum. Ina haya a ciki da falo a Nima, a birnin Accra na Gana, falon bai wuce mita huɗu da uku ba. Ina son ƙaramar sifika marar waya, mai inganci ko da za ta yi tsada, don sauraron waƙa da karatun Alƙur'ani in na dawo daga kasuwa. A kasuwar Circle an nuna mini wata da aka rubuta wat 1000 a kwalinta, kuɗinta kuma bai kai rabin na wata mai wat 40 ba. Wacce zan ɗauka? Daga wani ɗan kasuwa, Nima.

Wa alaikumus salam, Malam. Mai wat 1000 ɗin nan ka bar wa mai shago abarsa. In ka duba gefen lambar, sau da yawa za ka tarar da haruffan PMPO, awon da ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka amince da ita, kowa rubuta abin da ya ga dama yake yi. Awon da ake kamawa shi ne RMS, wato ƙarfin da sifika za ta jure tana ta aiki ba tare da sautin ya dagule ba. JBL Charge 5, wadda ta ishi falo irin naka har maƙwabta su buga maka ƙofa, wat 40 ce kacal: 30 na babban bakin mai fitar da kakkauran sauti, 10 na ƙaramin mai fitar da siririn sauti. Kuma ninka wat ba ya ninka ƙara a kunne. Daga 20 zuwa 40 ɗan ƙari ne na desibel uku a awon ƙara. Kafin kunne ya ji kamar an ninka ƙarar sai an ninka wat ɗin kusan sau goma.

Abin da za ka fara yankewa shi ne: mai batir kake so, ko mai zama a soket?

Masu zama a soket, irin su Sonos Era 100 da ta fito a 2023, sun fi cika ɗaki da sauti, domin ba sa tattalin batir. Era 100 tana da ƙananan bakuna biyu da babba ɗaya, tana kuma iya auna ɗakinka ta gyara sautinta da kanta. Tana ɗauko waƙa kai tsaye ta Wi-Fi, don haka ko an kira wayarka waƙar ba ta yankewa. Sai dai tana da sharuɗɗa biyu: ba ta saituwa da farko sai da Wi-Fi da manhajarta, kuma ana ɗauke wuta ta yi shiru. Wanda intanet ɗinsa duk a datar waya yake, zai biya kuɗin abin da ba zai mora ba. HomePod mini ta Apple ta fi ma tsauri: sai da iPhone ko iPad ake saita ta, kuma ba ta karɓar waƙa ta Bluetooth daga wayar Android. Mai Tecno ko Samsung ya wuce ta kawai.

A gidan haya na Nima, mu mai batir za mu nuna maka. Bose SoundLink Flex tana yin kimanin awa 12, kuma tana fitar da muryar mutum tas, abin da mai sauraron karatu da wa'azi ya fi bukata. Charge 5 tana kaiwa awa 20, ta fi duma, har waya tana cajawa ranar da ba wuta. Marshall Emberton II an rubuta mata awa 30. Waɗannan awoyin fa a matsakaiciyar ƙara aka auna su; in ka ƙure ta kada ka sa ran ko kusa da haka.

Kada ka saya sai ka saurara, kuma da wayarka, ba da ta mai shago ba, don shi ya san waƙar da ke rufa wa kayansa asiri. Ka tafi da abu uku: karatun da ka haddace muryar mai yinsa, waƙa mai kalangu ko ganga, da wata mai jita irin ta hailaif. Fara da rabin ƙara, sannan ka kai ta kashi 80. Ƙaramar sifika ba ta da cikin da za ta tura iska mai yawa, yawancinsu ba sa sauka ƙasa da haz 60 zuwa 65 (haz awon sauti ne, in lambar ta yi ƙasa sautin ya fi kauri), alhali igiyar ƙasa ta jitar bes tana kaiwa haz 41. Kamfanoni suna cike giɓin da wani faifan roba marar maganaɗisu a gefe ko a baya, da kuma dabarar kwamfuta da ke ƙara duma, amma tana janye shi in ƙara ta yi yawa don kada bakin ya yage. Saboda haka idan a kashi 80 duman ya ɗan ragu amma murya tana nan garau, sifikar lafiya take. Idan harafin "s" ya fara soke kunne, ko jikinta ya kama kakkarwa, ajiye ta.

Sai jabu, wanda ya yi yawa a kan sunan JBL musamman. Kwali ba shaida ba ne. Tun kana shagon ka sauke manhajar kamfanin, JBL Portable ko ta Bose, ka haɗa. Ta asali za ta bayyana da sunanta da yawan cajinta. Jabu yawanci ba ta bayyana. Ka kuma karɓi rasit mai lambar jikin sifikar.

In ka kawo ta gida, wurin ajiya ya kai rabin kuɗin muhimmanci. Ɗora ta daidai tsayin kunnenka in kana zaune, santimita 20 zuwa 30 daga bango. Bango yana ƙara duma, kusurwa kuwa tana ƙara shi har ya zama gurnani ya danne murya. Kada ka sa ta kan teburin gilashi, ko kan kabad ɗin kwanukan uwargida, sai dai in kana son murafan tukwane su riƙa yi wa mawaƙi amshi. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa-kuwwa. Darduma ɗaya da labule mai kauri sun fi sauya sifika gyara.

Ɗana ya aiko mini da sifika daga Amurka, filoginta mai baki biyu ne. In sayi adafta in jona? Daga wata Hajiya, Madina ta Accra.

Hajiya, ki dakata tukuna. Ki sa a karanta miki ƙananan rubutun da ke ƙasan sifikar ko jikin cajarta. Wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka 120. In an rubuta 100-240V, adafta mai baki uku ta wadatar. In kuwa 120V kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, don adafta baki kawai take sauyawa, ba ta rage komai, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙona ta. Ko wacce ce, ki riƙa zare filogi da zarar an ɗauke wuta, ki bari ta dawo ta zauna na 'yan mintuna. Ƙarfin da take dawowa da shi ne ke kashe kaya.

Tawa shekararta ɗaya. Sauti yana yankewa in na shiga ciki da waya a aljihu, batirin ma ya daina jimawa. Ta lalace ne? Daga wani ɗalibi, Mamobi.

Ɗan'uwa, yankewar ba lalacewa ba ce. Bluetooth mita goma yake kaiwa a fili, bangon bulo da jikin mutum kuma suna tare shi, ga shi yana raba hanya ɗaya, wato gigahaz 2.4, da Wi-Fi na duk gidajen da ke kewaye da kai. Ka bar wayar a falo. In ya ci gaba, ka goge sunan sifikar daga wayar ka sake haɗawa, ka kuma duba ko wata wayar gidan ba ta maƙale da ita ba.

Batiri kuwa zafi ne ajalinsa. Barin ta a taga cikin rana, ko a jone dare da rana tana kiɗa da ƙarfi, yana tsufar da shi da wuri. Ka riƙa caja ta kafin ta sauka ƙasa da kashi 20, ka zare in ta cika. Wanda ya riga ya gaji ba ya farfaɗowa, sai canji, kuma buɗe ta yakan ɓata robar da ke hana ruwa shiga. In ka ga jikinta ya kumbura, ka daina caji nan take.

Kafin hunturu ya zo, duba lambar IP ɗinta, wato awon juriyar ƙura da ruwa. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mita ɗaya na minti 30. IPX7 ruwa kawai aka gwada, ba a gwada ƙura ba. Irin wannan ka riƙa rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki, ramin caji kuma ka share shi da busasshen buroshin haƙori, ba da allura ba.