Tambayi Bakanike: Injin yankan katakona ya ƙi tashi bayan ajiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Bakanike. Ina da injin yankan katako ƙirar Stihl, da shi nake rufa wa kaina asiri. Na kwanta rashin lafiya, na ajiye shi kusan wata 4 da sauran mai a tanki. Da na samu sauƙi na ɗauko shi, na yi ta jan igiya har kafaɗata ta riƙe, ko tari bai yi ba, sai warin fetur. Na sa sabon fulogi, shiru. Wani abokin aikina ya ce in juya 'yan kusoshin kafireta, na ce bari in fara jin ta bakinka.
Daga wani mai yankan katako

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Ka kyauta da ka riƙe hannunka. Injin yana aiki ka ajiye shi, kuma kusoshin kafireta ba sa juya kansu a ɗaki. Abin da ya canza a wata huɗun nan man da ke ciki ne, don haka daga nan za mu fara.

Fetur da aka gauraya da man inji ba ya son zama. Masu ƙera injinan nan suna cewa kada a haɗa wanda zai wuce kwana 30. Bayan haka ɓangaren da ke saurin kama wuta sai ya bi iska, ragowar ya yi danƙo a ƙananan hanyoyin kafireta. Juye shi gaba ɗaya. Haɗa sabo, kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T, man inji na musamman da ake gaurayawa da fetur, wato mililita 100 a lita 5. Ka auna da mazubi, kada ka kintata da ido. Kuma ban da baƙin man mota, ba aikinsa ba ne.

Sai ka kwance fulogi ka dube shi da kyau, domin shi zai gaya maka inda za ka nufa. Warin fetur ɗin da ka ambata ya sa nake kyautata zaton za ka tarar da shi sharkaf. In haka ne, injin ya sha mai ya ƙoshi, kuma yawan jan igiya da cok (abin da ke tare iskar da ke shiga kafireta) a rufe shi ke jawo hakan. Sabon fulogi ma jiƙewa zai yi ya mutu kamar tsohon. Goge shi ya bushe, ka sa makunni a wurin kashewa, ka kifa injin, ramin fulogi yana kallon ƙasa, ka ja igiya sau da yawa har ɗigon mai ya daina fitowa. Kafin ka mayar da shi ka auna tazarar bakinsa, milimita 0.5 ake so. Ka taka injin a ƙasa, birkin sarƙa a kulle, ka tayar da shi ba tare da cok ba, a matakin da ake tayar da inji mai ɗumi. Zai yi hayaƙi sosai da farko, kada ya dame ka.

Bari in tsaya a kan cok ɗin nan, don mutane da yawa da ke riƙe da inji shekara da shekaru ba su kula da shi ba. A sanyi ana rufe cok ne a ja har injin ya yi tari ɗaya. Da jin wannan tarin sai a ɗaga makunnin mataki guda a sake ja. Wanda bai kasa kunne ba ya ci gaba da ja a rufe, shi ne ke kwana yana zagin inji.

In kuwa ka tarar da fulogin a bushe ƙayau bayan duk jan da ka yi, mai ba ya isowa ke nan. Zuba kamar rabin ƙaramin cokali na haɗaɗɗen man a ramin, ɗaura fulogi, ja. Idan ya tashi ya yi 'yan daƙiƙu ya mutu, wuta lafiya, matsi ma da dama-dama, matsalar tana kan hanyar mai. Lanƙwasa waya ka zaƙulo filtar da ke lilo a ƙarshen tiyo cikin tanki, in ta yi baƙi ko tauri ka canza ta. Bi tiyon da yatsa ka ga ko ya tsage ko ya yi laushi. Idan waɗannan lafiya suke, saura 'yar siririyar robar da ke cikin kafireta, wadda ke harba mai. Ita ce tsohon mai ya fi cutarwa, tana bushewa ta daina motsi. Ana sayar da ita a saiti. Duba jikin kafiretar, galibi za ka ga an buga Zama ko Walbro da lamba, da wannan lambar za ka nema. Kada ka tsokale ƙananan ramukan da allura, faɗaɗa su za ka yi.

Fulogi ya sake jiƙewa, injin bai ce uffan ba? To gwada wuta. Sa fulogin a hularsa, jingina ƙarfensa da jikin silinda nesa da ramin, ka tabbata ka goge duk man da ya zube, sannan ka ja a inuwa. Shuɗin tartsatsi mai ƙarfi ake nema. In babu, kada ka yi saurin sayen kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta. Zare siririyar wayar kashewa daga jikinsa ka sake gwadawa. Idan wuta ta dawo, wayar ce ta goge take taɓa ƙarfe, ko makunnin ya lalace. Idan ba ta dawo ba, duba tazarar kwayil da faifan maganaɗisu, bai kamata ta wuce kaurin katin adireshi ba.

Matsi kuwa gwajinsa ba wuya. Ɗaga injin da mariƙin igiya kawai. Mai lafiya zai riƙa saukowa da ƙyar, yana tsayawa yana tafiya. Wanda ya zarce ƙasa sululu ya rasa matsi, sai a cire salansa a leƙa fistin. Zane-zane a tsaye a jikinsa alamar ya taɓa cin wuta ne, kuma wannan aikin bakanike ne. Ban sa ran haka a naka ba, tunda lafiya ka ajiye shi. Amma in ka cire salansar, duba ragar da ke bakinta, kunkunniya kan toshe ta.

Game da shawarar abokinka: kusa mai harafin H ita ke ba da mai idan inji yana gudu sosai. Ka matse ta fiye da kima, injin zai yi ƙara mai daɗin ji, ya yi zafi, fistin ya kama. Ka bar ta yadda take har sai injin ya tashi ya yi ɗumi, sannan wanda ya san aikin ya saita in da buƙata. Nan gaba in za ka yi doguwar ajiya, juye tanki, ka bar injin yana aiki a hankali har ya mutu da kansa.

TAMBAYA: Malam, nawa yana tashi lafiya da safe, amma in ya yi zafi na kashe, ba ya sake tashi sai ya huce. Mene ne dalili?
Daga wani manomi

AMSA: Da farko, Malam, in kana rufe cok a kan inji mai zafi ka daina, shaƙe shi kake yi. In ba haka ba ne, a lokacin da ya ƙi ɗin ka buɗe murfin tanki a hankali. Idan ka ji ya zuƙi iska, sannan ya tashi, mashaƙar tankin ce ta toshe. Idan ba abin da ya canza, gwada wuta nan take tun yana da zafi, domin kwayil da ya fara gajiya yakan ɗauke wuta da zafi ya dawo da ita in ya huce. Ka tafi aiki da sifanar fulogi a aljihu don kada ya huce kafin ka gwada.