Kafin ka cire kaburetar SU daga MGB ɗinka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce motarka MGB ƙirar 1970 tana shaƙewa idan inji ya ɗauki zafi, ga kuma warin fetur, shi ya sa kake tunanin cire tagwayen kaburetar SU ka ɗora kaburetar Weber guda ɗaya, ka haɗa da famfon mai mai ƙarfi. Na daɗe ina riƙe da irin wannan mota a nan Ingila, kuma shawarata ita ce ka jinkirta sayen kabureta, ka fara bincike daga bayan mota.

Tankin MGB yakan yi tsatsa ta sama, inda yake manne da ƙasan but, domin a nan danshi yake taruwa ido ba ya gani, kuma sau da yawa daga nan warin yake fitowa. Sai tiyo. Tun Satumbar 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a gidajen mai na ƙasar nan shi ne E10, wanda ake gauraya masa sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, shi kuwa etanol cin tsohuwar roba yake yi. Ka sauya kowane tiyo da mai lambar R9, ka sa matatar mai kafin man ya isa kabureta.

Batun famfo ne na fi so ka saurare ni a kai, domin ni ya taɓa jefa ni cikin matsala. Wani bakanike ya taɓa sa mini famfo irin na motocin zamani, yana ganin gata ya yi mini. Kaburetar SU ba ta son matsin da ya wuce kimanin psi 3 (psi ma'aunin matsi ne). Da ya wuce, sai man ya rinjayi allurar da ke rufe kofin mai, ya yi ambaliya. A injin MGB kuwa kabureta tana zaune ne daidai saman bututun hayaƙi, gefe guda suke. Ranar da na buɗe bonet na ga fetur yana ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, jikina ya daɗe bai daina rawa ba. Idan tsohon famfon ya gaji, ka nemi na SU mai lantarki a ciki, wanda ba shi da fayint, wato ƙarafan haɗa wuta da ke maƙalewa, ka kuma ƙara makunnin da ke yanke wa famfo wuta idan an yi karo.

Ita kanta HS4, wato samfurin kaburetar SU da ke kan motarka, ba ta da wuyar sha'ani. Ka girgiza sandar totur, in tana wasa to iska ke shiga ta nan, kuma babu saitin da zai zauna sai an gyara ta. Ka duba man da ke cikin murfinta na sama da kuma farantin da ke kare ta daga zafi. Har yau kamfanin Burlen da ke Salisbury yana ƙera kayan gyaranta.

Weber 32/36 tana da amfani ga motocin MGB da aka kai Amurka daga 1975, masu kaburetar Zenith-Stromberg guda ɗaya, amma a kan injin 1798cc da ba a taɓa shi ba, ban ga ta fi tagwayen SU masu lafiya ja ba. Ka tsiyayo ɗan mai daga tanki cikin kwalba, ka faɗa mana abin da ya kwanta a ƙasa.