Ku Tambaya, Mu Amsa: Intanet Ɗin Cikin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu babban gida ne a Ƙofar Marusa cikin Katsina, sashe uku da zaure. Na sayi rauta mai amfani da layin waya, na ajiye ta a falona. A nan lafiya lau, amma a sashen iyali da na ƙanena sabis sai ya zo ya ɗauke. An ce in sayi wadda ta fi ta tsada. Ina neman shawara. Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Tunda a falo komai na tafiya, rautarka tana kama sabis daga ƙarfen kamfani yadda ya kamata. Inda aka samu cikas shi ne tsakaninta da wayoyin mutanen gida, kuma bango ne ke tare shi. Katangar ƙasa mai kauri irin ta cikin birni, da bulo mai siminti, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa, duk suna cinye ƙarfin wayfai. Ko wadda ta fi tsada ka kawo, da wannan bangon za ta haɗu.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ciro ta daga bayan talabijin, ka ɗora ta a sama, kamar mita 2 daga ƙasa, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Kada ta matsi kwanon rufi, don zafin watan Afrilu yana sa ta riƙa kashe kanta. Idan tana fitar da wayfai iri biyu, 2.4GHz da 5GHz, waɗanda ke nesa su hau na 2.4, shi ya fi ratsa bango. Na 5 ya fi gudu, amma ba ya nisa.

In hakan bai wadatar ba, to kebul ne magani, kuma shi muke ba kowane gida mai sassa shawara. Sayi kebul Cat6 na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha wanda alminiyan ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakin wayar da reza, in ka ga fari a ciki, mayar wa mai shago. Tsawonsa kada ya wuce mita 100. Inda zai ratsa tsakar gida, a zura shi cikin bututun roba a binne, saboda rana da ɓeraye. Kada a rataye shi daga rufi zuwa rufi, tsawar damina na iya bi ta nan ta ƙona na'urorin duka. A ɗaya sashen sai a sa ƙaramar rauta ta biyu, ba ta buƙatar layi. A soka kebul ɗin a ramin da aka rubuta LAN, a shiga saitinta a kashe DHCP, wato abin da ke raba wa wayoyi adireshin intanet, a ba ta adireshin da ba na ta farko ba. Nan ne masu haɗawa suka fi yin kuskure: in an bar DHCP a kunne, rautocin biyu za su riƙa raba adireshi a tare, waya ta nuna ta haɗu amma ba abin da zai buɗe. A ba su suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, sai dai a bambanta tashar wayfai (channel) a saitinsu, ɗaya a 1, ɗaya a 6 ko 11.

Ita kuwa 'yar na'urar ƙara sabis da ake sokawa a soket, takan rage gudu da kusan rabi, kuma in an sa ta a ɗakin da sabis ya riga ya mutu, ba abin da za ta ƙara.

Tambaya: Muna sa datar wata guda, amma ko mako biyu ba ta yi. Mu bakwai ne a gidan, har da yara 'yan makaranta. Ko sace mana ake yi? Daga wata uwargida a Daura.

Amsa: Hajiya, yana yiwuwa, kuma ganowa ba wuya. Juya rautar, a ƙasanta akwai adireshi kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauzar wayarki, za ki ga jerin wayoyin da ke kai. In sun fi na gidan yawa, canza lambar sirri zuwa mai haruffa da lambobi 12 ko fiye, ki zaɓi tsaron WPA2, ki kashe WPS, wato hanyar haɗa waya ba tare da rubuta lambar sirrin ba. Ki sani kuma yaro na iya raba lambar ga abokinsa ta hoton QR ko da bai san ta da ka ba.

Amma galibi datar a cikin gida take ƙarewa. Da zarar waya ta hau wayfai, ɗauka take kyauta ne, sai ta shiga sabunta manhajoji da tura hotuna ma'ajiya da sauke duk bidiyon zaurukan WhatsApp. A kowace waya a shiga saitin wayfai a nuna cewa wannan layin na ƙidaya ne, a kashe saukewa ta kai tsaye. Sai bidiyo: awa ɗaya a YouTube a kan 480p kusan rabin giga ce, a kan 1080p kuwa giga 2 ko fiye, alhali a fuskar ƙaramar waya bambancin kaɗan ne. Mutum huɗu su yi awa biyu-biyu kullum a kan 1080p, lissafin ya fito.

Tambaya: Da an ɗauke wuta intanet ya tafi. Ina tunanin komawa Starlink gaba ɗaya. Daga wani malamin makaranta, Dutsin Safe, Katsina.

Amsa: Malam, Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan Adam, ba zai raba ka da matsalar wuta ba, ƙara ta zai yi. Ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, kuma yana da amfani ƙwarai a inda sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi, amma babban farantinsa yana jan wat 75 zuwa 100, ƙaramin kuma 25 zuwa 40. Rautar layin waya da wuya ta wuce wat 12. Farantin kuma yana buƙatar sarari ba itacen darbejiya a kansa.

Abin da ya dace da kai shi ne ƙaramin batirin rauta mai cajin kansa. Duba cajar rautarka, yawanci 12V ce da 1A ko 1.5A, batirin ya zama 12V daidai, amfiyarsa ta kai haka ko ta fi, bakin kuma ya shiga cif. Wanda aka rubuta wa 10,000mAh zai riƙe ta kamar awa 3 zuwa 4. In unguwarku ana daɗewa fiye da haka, ɗauki na 20,000mAh, ko ka ja mata wuta daga batirin solar gida ta hanyar na'urar daidaita wuta, don batirin da ke kan caji yana haura 14V.