Mashaya ko majalisa? Amsoshin wannan mako

Wani ɗalibinmu da ke karatu a Ingila ya rubuto: "Malam, a ƙauyen da nake akwai wani tsohon gida da suke kira pub, ana shan giya, ana cin abinci, ana hira. Mashaya zan ce da Hausa?"

Ɗana, ka ce mashaya ba ka yi kuskure ba, amma ka rage wa gidan rabinsa. Sunan nasu gajarta ne na "gidan jama'a". A ƙauyen Ingila nan ne manomi ke zuwa da yamma da karensa, ya zauna kusa da murhu lokacin sanyi, a yi wasan jifan allo da 'yan kibau, ranar Lahadi kuma iyali su zo cin gasasshen nama. Tun 1393 Sarki Richard na biyu ya tilasta wa masu sayar da giya rataya alama a ƙofa, shi ya sa har yau kake ganin allo mai hoton jan zaki ko kambun sarauta. Mutanen ƙauyen Hesket Newmarket ma haɗa kuɗi suka yi a 2003 suka sayi nasu, don kada ya fita hannunsu. Ba don giya kaɗai mutane za su yi haka ba. Ta fuskar zama, majalisar ƙofar gida ce, ko teburin mai shayi. In kana ba da labari, ka ce "mashayar ƙauye, wadda ita ce majalisarsu".

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yaran yanzu suka ƙwace kalmar mashaya suka ba giya ita kaɗai. Mashaya wurin sha ne, kamar yadda marina take wurin rini, majema wurin jima, mahauta wurin fawa. Je ka tambayi makiyayi: mashaya ita ce gaɓar rafi mai gangare inda shanu ke sauka, ƙasar duk ta dame da sawun kofato. Da za a yi sulhu tsakanin manoma da Fulani, maganar burtali da mashaya ake yi. Na taɓa karanta wa 'yan aji jimlar "an kai garke mashaya", sai wasu suka fashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi tana son bambancin giya, burkutu da bammi. Giya ce uwar suna. Burkutu daga dawa ake yin ta, bammi kuma ruwan itacen kwakwar manja ne.

Wani kuma ya ce: "Me ake nufi da giyar mulki?" Mulki na sa maye kamar yadda abin sha ke sawa, har mutum ya manta waɗanda suka ɗora shi. Sai dai a kula da lafazi: mayen buguwa daban, maye mai kama kurwa daban. Na biyun ne ke da mace mayya da jam'i mayu.