Tauhidin mata da zawarawan Maya

Ka tambaya ko tauhidin da mata Kiristoci ke rubutawa a Latin Amurka yana kaiwa ga talakawa 'yan asalin ƙasa, irin su al'ummar Maya, ko surutun jami'a ne kawai. Malam, ka ɗan yi gaskiya: yawancinsa da Sifaniyanci ake rubuta shi, alhali wata tsohuwar ƙauyen Guwatemala K'iche kaɗai take ji, ɗaya daga harsunan Maya.

Amma Elsa Tamez, masaniyar tauhidi 'yar asalin Meziko, ta ɗauko labarin Hajara, baiwar da aka kora jeji da ɗanta, ta nuna wa matan aikatau kansu a ciki. Rigoberta Menchú, 'yar Maya daga Guwatemala mai kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1992, a cocin Katolika ta fara koyar da addini. Zawarawan yaƙin basasar Guwatemala kuwa, a 1988 suka kafa ƙungiyar CONAVIGUA, suna neman mazansu da aka ɓatar.